Laburare ya cika maƙil amma littattafai na kan kanta: me ɗaliban jami'a ke yi a ciki?

Duk sanda jarabawa ta ƙarato a jami'o'inmu sai ka ga sabuwar takarda manne a ƙofar laburare, an hana kama kujera da jota, an hana caji a soket ɗin ɗakin karatu, an hana amsa waya, ko kuma an sauya lokacin rufewa, wani wurin an ƙara wani wurin kuma an rage saboda kuɗin wuta. Daga nan sai cece-kuce ya tashi, ɗalibai su ce takura ce kawai, ma'aikata su ce ai dama yaran nan danna waya ke kawo su, iyaye kuma da ke gida su rasa wa za su gaskata tunda su dai abin da suka sani shi ne duk sanda aka kira yaro sai ya ce "ina laburare". Kowa na da ra'ayi a kan abin da ɗalibi ke yi a ciki, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka lura da shi a tsare. To akwai hanyar yin hakan, masana harkar laburare sun daɗe suna amfani da ita, kuma abin da take nunawa ya shafi duk waɗannan dokokin da ake ta jayayya a kansu.

Me ake nufi da lura a nan

Yawancin abin da muka sani game da karatun ɗalibai daga takardar tambayoyi ya fito, irin wadda 'yan ajin ƙarshe ke rabawa in suna rubuta firojek, sau nawa kake zuwa laburare a sati, awa nawa kake karatu, me ya fi damunka. Hanyar na da amfaninta, sai dai mutum yana faɗin abin da yake ganin ya kamata ne ko abin da ya iya tunawa. Ɗalibin da ya zauna awa biyar zai ce maka ya yi karatun awa biyar, kuma ba ƙarya yake nufi ba, shi a ransa haka ne, alhali awa ɗaya ta tafi a sallah da cin abinci, wata ta tafi a WhatsApp, wata a gyangyaɗi.

Lura kuwa ita ce mai bincike ya je da ƙafarsa ya gane wa idonsa. Mafi sauƙinta za mu iya kiranta zagayen kujeru, ma'aikaci ya ɗauki takarda mai zanen ɗakin ya zaga a ƙayyadaddun lokuta, misali goma na safe da biyu na rana da takwas na dare, yana sa alama, wannan kujerar da mutum, waccan ba kowa sai jota a kai, wannan littafin laburare ne a gabansa, wancan handawut, wancan waya ko laftof, waɗancan su uku suna tattaunawa, wancan ya kifa kai yana barci. Ba a rubuta sunan kowa, ba a ɗaukar hoton fuska, wanda dama tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a 2023 ya kamata kowace hukuma ta yi hattara da irin wannan. In aka yi ta yi sati da sati har semesta ta ƙare sai a ga ainihin yadda ake amfani da ɗakin.

Akwai abubuwa huɗu da ake yawan cakuɗa su in ana wannan magana. Shiga daban, wato adadin waɗanda suka wuce ta ƙofa. Zama daban, wato kujeru nawa ne ke da mutum a wani lokaci. Amfani da kayan laburare shi ma daban, aron littafi ko buɗe mujallun bincike na intanet da jami'a ta biya wa kuɗi ko zuwa a tambayi ma'aikaci. Sai na huɗu, koyo, wato abin da ya shiga kai ya zauna. Lura na iya auna ukun farko, na huɗun kam ido ba ya ganinsa. Sannan mutum in ya san ana kallonsa yakan gyara zama ya ajiye waya, shi ya sa ba a yanke hukunci da zagaye ɗaya ko biyu.

Abin da aka gano a wasu wurare

Binciken da ya fi shahara a wannan fanni a Jami'ar Rochester ta jihar New York a Amurka aka yi shi. Laburarensu ya ɗauki wata masaniyar nazarin halayyar al'umma, Nancy Fried Foster, aka fara aikin a 2004 rahoton ya fito a 2007. Ba su tsaya a tambaya ba, sun ba ɗalibai kyamara su ɗauko hoton inda suke karatu da abin da suke ɗauka a jaka, sun ba su taswirar makaranta su zana duk inda suka taka tun safe har dare, sun je ɗakunan kwanansu da dare sun ga yadda suke aiki, har sun ce su zana irin laburaren da suke so. Abu biyu sun ba ma'aikatan mamaki. Na farko ɗalibai da dama in an ba su aikin rubutu iyayensu suke tuntuɓa su ba su shawara, har laburaren ya fara shirya wa iyaye zama na musamman a lokacin karɓar sababbin ɗalibai. Na biyu ranar ɗalibi cike take da lakca da aiki da ƙungiyoyi, ainihin karatunsa sai dare, lokacin da ma'aikatan da za su taimaka masa sun riga sun tashi, sai aka gwada tsawaita lokacin teburin taimako zuwa dare a makonnin da aiki ya yi yawa.

Bayan 'yan shekaru aka yi makamancinsa a jami'o'i biyar na jihar Illinois, nan kuma aka ga ɗalibai ba kasafai suke tambayar ma'aikacin laburare ba ko da sun maƙale, Google suke komawa, kuma shi ma Google ɗin ba su iya bincike da shi sosai ba.

Ba za a kwaso sakamakon Amurka a ɗora wa Zariya ko Sakkwato ba, can ba a maganar ɗauke wuta, kuma ɗalibinmu da yawa shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a balle a ce ya kira baba ya duba masa asaimen. Abin ɗauka shi ne su kansu ma'aikatan da suka shekara da shekaru a ginin sun zaci sun san ɗalibansu, da aka duba sai aka ga ba haka ba.

Yini ɗaya a satin jarabawa

A wani laburaren jami'a da na sani, tun kafin a buɗe ƙofa layi ya yi tsawo, kowa da katinsa a hannu. Ana buɗewa za a ajiye jakunkuna a wurin ajiya a shiga da sauri, kuma in ka lura ba kantocin littattafai ake nufa ba, kujerun jikin bango ake rububi, inda soket yake, sai waɗanda ke ƙarƙashin fankar da ke aiki. Wanda ya fara shiga yakan zo da jota uku ko huɗu ya rarraba a kujerun kusa da shi, na abokan da ba su taso daga hostel ba. Kafin tara ɗaki ya "cika", amma in ka ƙirga kawuna za ka ga gurabe, sai mai zuwa a makare ya ja kujera a ce masa "Malam da mutum a nan", ya yi ta zagaye har ya haƙura ya koma gindin bishiya ko wani ajin da ba kowa.

A kan teburan kuwa handawut ne da aka yi fotokofi har rubutun ya fara dishewa, da tambayoyin jarabawar shekarun baya, da waya a kwance an buɗe PDF ɗin da kilas ref ya tura a guruf. Littafin laburare ɗai-ɗai ne za ka gani, galibi a gaban 'yan likitanci ko lauya ko masu digiri na biyu. Ana kiran sallar azahar ɗakin zai kusa zama wayam sai jotoci, bayan la'asar ya sake cika. Da dare in lokacin rufewa ya yi dattijon da ke ƙofa zai fara buga tebur yana cewa "to 'ya'yana a tattara", ka ji wata na roƙo "Baba dan Allah minti biyar, wayata ce ba ta cika ba, ba wuta a wajenmu". Daga nan rabin mutanen ba kwanciya za su yi ba, manyan ajujuwa za su wuce a yi abin da ɗalibai ke kira TDB, wato karatu har wayewar gari.

Me ya kawo haka

Wuta ce kan gaba. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto zuwa 206.80 a watan Mayu. Jami'o'i da yawa a wannan rukunin suka tsinci kansu, shugabanninsu suka fito fili suna cewa bil ɗin ya fi ƙarfinsu, wasu suka koma raba wuta awa kaza nan awa kaza can. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yawanci na gini ne da sayen littattafai da kayan aiki, bil ɗin wata-wata da man janareta a wuyan jami'a yake. Akwai ƙoƙarin sola, kamar tashar megawat 7.1 da aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero a 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wutar karkara ta REA, sai dai ba kowace jami'a ce ta samu irinta ba. In hostel duhu ne kuma gidan haya a waje ya fi shi duhu, dole ginin da ke da haske da fanka ya zama matattara, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi kan wuce digiri 40 a irin su Maiduguri da Sakkwato.

Sai yawan jama'a. Manyan laburarorinmu irin su na Kashim Ibrahim a ABU da na Ramat a Maiduguri da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato suna hidima ne ga jami'o'in da ɗalibansu suka ninka abin da suke a shekarun farko, kuma babu laburaren da ake ginawa dan ya zaunar da kowa a lokaci guda. Ɗakin kwanan da aka tsara wa mutum huɗu kuma ya koma na takwas ko fiye, wani na girki wani na kallon ƙwallo, ina za a yi karatu a nan.

Kalandar karatu ma ta taka rawa. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, bayan kowanne jami'o'i sun yi ta matse semesta dan a cimma lokaci, lakca ta taru, tes ya biyo tes, ba a ankara ba jadawalin jarabawa ya fito. Wanda aka saba masa da haka sai ya koyi karatun gaggawa.

Na ƙarshe, kuma shi aka fi kauda kai a kansa, shi ne yadda ake jarabawar kanta. In ɗalibi ya san tambayoyi daga handawut za su fito, kuma maki na wanda ya mayar wa lakcara kalmominsa ne, to me zai kai shi kanta ya ɗauko littafi mai shafi ɗari shida? Kwas ɗin koyon amfani da laburare da ake yi a aji ɗaya shi ma haddace shi ake a ci a wuce. Ɗalibi na bin inda maki yake ne, kuma ba ma'aikacin laburare ke raba maki ba.

Tsawon zama da abin da ke shiga kai

Nan ne lura ke tsayawa sai a koma ga masana ilimin ƙwaƙwalwa. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma bita a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai, wasu suka maimaita karanta rubutu wasu suka rufe shi suna ƙoƙarin tuno abin da ke ciki. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan kwana biyu da bayan sati ɗaya masu tunowa suka wuce su. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu goma, biyu kawai suka samu babban matsayi, gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba karatu a tsawon lokaci. Maimaita karantawa da ja wa rubutu layi da alƙalami mai launi, waɗanda su ne za ka fi gani a kowane teburi, suna cikin na ƙasa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ɗan TDB ke rantsuwa cewa hanyarsa na aiki, dan kuwa tana aiki zuwa gobe da safe, matsalar sai semesta ta gaba in an zo kwas ɗin da aka gina a kan wancan a tarar ba komai. Ga kuma rashin barci, alhali bincike ya daɗe da nuna cewa a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da aka koya da rana.

Abin da ya kamata mu lura da shi mu Hausawa shi ne waɗannan dabarun biyu ba baƙi ba ne a wajenmu. Almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo karatun da ka, kuma bayan ya wanke yana komawa tilawa da tishi, gardawa na zama musaffa wannan ya ja wancan ya gyara masa. Tunowa ce da rarrabawa, ba wani abu ba. Ɗalibin da ya haddace izu goma ta wannan hanyar shi ne kuma za ka gani a jami'a yana karanta handawut sau biyar a dare ɗaya bai taɓa rufe shi ya tambayi kansa ba. Ta wannan fuskar mai amsa tambayoyin shekarun baya da biro a hannu, da su ukun nan da ke raɗa suna yi wa juna tambaya har ana harararsu, wataƙila sun fi wanda ya yi tsit awa shida cin riba.

Dokokin da ake jayayya a kansu

Kama kujera. Hujjar hukuma a fili take, kujerar da jota ke kai ba mai amfana da ita ga kuma mutane a tsaye. Ɗalibai kuma na cewa in an ce duk wanda ya tashi ya rasa wurinsa, to sallah fa, bayan gida fa, lakcar awa ɗaya fa? Duk biyun suna da gaskiya, bambancin yana tsakanin wanda ya fita sallah da wanda bai ma zo ba. A laburarori da dama a duniya ana ƙayyade lokaci ne, ma'aikaci ya ajiye 'yar takarda mai ɗauke da lokaci a kan teburi, in ya dawo bayan wa'adin ba kowa sai a kwashe kayan. A nan wa'adin dole ya ishi mutum ya yi alwala ya bi jam'i ya dawo, in ba haka ba dokar ba za ta yi sati ba.

Waya da caji. Masu son a hana suna maganar ƙara da shagala da satar waya da kuma nauyin da ake ɗora wa soket, har wani ya zo da ekstenshin ya jona abu shida. Ɗaya ɓangaren na cewa yau littafin ɗalibi a wayarsa yake, kuɗin firintin ya tashi, hana waya tamkar hana shiga da littafi ne. Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya ta kuma yi wa mutum rubutu, a ƙarshen 2022 abin ya ƙara rikicewa, mai kallo daga nesa ba zai iya bambance mai karanta PDF da mai TikTok da mai sa manhaja ta rubuta masa asaimen ba. Abin da ya fi sauƙin aiwatarwa shi ne a hana ƙara da amsa kira a bar allon, a kuma ware ɗakin shiru daban da ɗakin tattaunawa.

Buɗewa dare da rana. Ɗalibai na so, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, tunda dai za su kwana karatun gara a ginin da ke da haske da mai gadi a kan ajin da ba ƙofa. Hukuma kuma na lissafin wuta da alawus ɗin ma'aikatan dare da tsaron littattafai, wasu malaman ma na ganin buɗewar tamkar ɗaure wa karatun gaggawa gindi ne. Tsaka-tsakin da ake yi a wasu wurare shi ne ɗaki guda mai ƙofarsa daban, ba littattafai a ciki, a haɗa masa sola, a bar shi a buɗe musamman a makonnin jarabawa. Ko ya cancanci kuɗin ko bai cancanta ba, ƙirgen mutanen da ake kora a lokacin rufewa da waɗanda ke ajujuwa ƙarfe ɗaya na dare shi zai nuna.

Wa abin ya fi shafa

Doka ɗaya ce a ƙofa amma nauyinta ba ɗaya ba ne. Mai zama a cikin makaranta zai iya sammakon layi, mai zuwa daga cikin gari kuwa, wanda tun cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya hana shi zirga-zirga sau biyu, in ya iso ya tarar da jotoci sun cinye kujeru ya yi asarar yini. Shi dokar hana kama kujera taimakonsa take.

Ɗalibai mata kuma lokacin rufewa ya fi taɓa su. Matar aure mai yara ba ta da dare, rana ce kaɗai tata. Budurwar da ke gidan haya a wajen makaranta dole ta yi lissafin hanya, kuma bayan abin da ya faru a Sabon Gida a Satumban 2023, inda 'yan bindiga suka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu na waje, ba uban da zai ji daɗin 'yarsa na yawo da tsakar dare. Dan haka tsawaita lokaci zuwa dare ba tare da motar mayar da ɗalibai da fitilun hanya ba, maza 'yan hostel ne za su fi amfana. In azumi ya faɗo a cikin semesta lissafin ya sake juyawa, da rana mutane su ragu, cunkoso ya koma bayan tarawihi da bayan sahur.

Sai wanda ba a cika jin muryarsa a wannan jayayya ba, ɗan aji ɗaya da ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, ba laftof, wayarsa ƙarama ce ba ta buɗe PDF. Shi rigimar soket ba ta dame shi ba, abin da yake buƙata kwamfutocin sashen intanet na laburaren ne da kwafin littafin da ke kan kanta, kuma a wurare da dama wannan sashen yana bin lokacin ofis ne, ana rufe shi da yamma daidai sanda yake fitowa daga lakcar ƙarshe.